Kwamfuta ɗaya, adireshi biyu: abin da ɗauke wuta ya koya mini ranar jarrabawar gwaji

Ga 'yan uwa masu karantawa a shafi saboda data ba ta kai a saurari murya ba, wannan shi ne rubutun shirin kamar yadda na yi shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. Duk umarnin da na ambata na ajiye shi a layinsa daban, don mai son gwadawa ya kwafa.

Yau mun ɗan huta da maganar kasafin kuɗi da ta katin zaɓe. Maganar lambobi za mu yi, irin waɗanda kwamfuta ke amfani da su ta gane 'yar uwarta. Na san wani zai ce, to Malam, mu ina ruwanmu? Ku ɗan yi haƙuri in ba ku labari tukuna, in na gama sai ku yanke hukunci.

Kun san tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta. Kullum muna kukan cewa yaranmu suna zuwa ɗakin jarrabawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, yaro ya yi karatu amma hannunsa na rawa. To mu a unguwarmu muka ce kuka ya isa, muka haɗa 'yar cibiya a wani ɗaki da muke rabawa da wata ƙungiya. Muna da laftof tsofaffi 18 da aka ba mu kyauta tun farko, daga baya aka ƙaro mana 12. Tambayoyin gwajin duk suna kan kwamfuta guda, wadda ake kira uwar garke, sauran kuma suna zuwa wurinta su ɗebo ta kebul. Ba a buƙatar intanet ko kaɗan.

Kwana biyu kafin babbar jarrabawar gwajin da muka sa wa yara, tsohuwar uwar garken ta mutu murus. Na samo wata kwamfutar tebur, na ɗora mata Ubuntu, na dawo da tambayoyin daga filashi, na ba ta adireshi 192.168.0.10 domin rawutar ginin a layin 192.168.0 take raba lambobi. Na buɗe sababbin laftof 12 ɗin nan, kowace ta ga uwar garke lafiya lau. Na buɗe tsofaffin 18, shiru. Kebul a haɗe, fitilar swic tana ƙyaftawa, uwar garken ga ta nan taku uku tsakaninsu, amma kamar tana wata ƙasa.

Da na duba sai na ga abin da ya faru. Wanda ya fara saita tsofaffin laftof ɗin ya rubuta wa kowace adireshinta da hannu a layin 192.168.1, kuma duk an nuna musu cewa uwar garke tana 192.168.1.10. Kalmar sirrin da ake canza saitin tana hannunsa, shi kuma ya tafi bautar ƙasa, wayarsa ba ta shiga. Ina iya canza layin rawutar gaba ɗaya ya koma 192.168.1, kuma da hakan ya yi aiki, sai dai rawutar ba tamu ba ce, ta maƙwabtanmu ce, firintarsu da kwamfutocin ofishinsu duk a kanta suke. Ba ni da hurumin taɓa musu kaya da daddare.

A nan zan tsaya in yi bayani, don in ba a gane wannan ba sauran duk haddar banza ce.

Adireshin IP, irin na IPv4 da muka saba gani, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Wani ɓangare na adireshin sunan unguwa ne, ragowar kuma lambar gida. Wannan /24 da kuke gani a ƙarshe, ko 255.255.255.0 a Windows, shi ke faɗin inda sunan unguwa ya ƙare. Ma'anarsa lambobi ukun farko unguwa ce, ta huɗu gida. Don haka 192.168.1.25 da 192.168.1.10 'yan unguwa ɗaya ne, amma 192.168.0.10 baƙo ne a wurinsu, ko da kebul ɗinsu a swic ɗaya yake. Unguwar /24 tana da lambobi 256, ana cire ta farko da ta ƙarshe, saura gidaje 254.

Idan kwamfuta za ta aika saƙo, abu na farko da take dubawa shi ne, wanda zan aika wa ɗan unguwarmu ne? In eh ne, sai ta ɗaga murya a kan waya kowa ya ji: wa ke da lamba kaza? Wannan kiran shi ake ce wa ARP. Mai lambar sai ya amsa da lambar katinsa ta ainihi, wato MAC, daga nan su ci gaba da magana kai tsaye. In kuwa ba ɗan unguwa ba ne, ba ta ma ɓata bakinta, sai ta miƙa saƙon ga ƙofar gari, wato rawuta, ita ta san yadda za ta yi da shi. To tsofaffin laftof ɗinmu suna ta kwaɗa kira, wa ke da 192.168.1.10? Uwar garken tana ji sarai, amma ba sunanta aka kira ba, me zai sa ta amsa?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, katin netwok guda yana iya ɗaukar adireshi fiye da ɗaya. Kamar gidan da ke kan kwana ne, layin gaba sun san shi da lamba ɗaya, layin gefe sun san shi da wata, amma zauren ɗaya ne, mai gidan ɗaya ne. Ba sai ka sayi wani kati ba, ba sai ka ja wani kebul ba.

Da farko ka san sunan katinka. A Linux ka buɗe allon umarni ka rubuta:

ip -br addr

Za ka ga jerin ƙofofin da kwamfutar ke da su. A da katin kebul eth0 ake ce masa, na wayales wlan0. Yanzu galibi za ka ga suna irin enp3s0 ko eno1, na wayales kuma wlp2s0. Nawa enp3s0 ne, naka zai iya bambanta, don haka kada ka kwafi nawa ido rufe. Kafin ka ɗauki wata lamba, ka tabbatar babu mai ita. Ni na san tsohuwar uwar garken ta mutu, amma duk da haka na tambaya:

sudo arping -D -c 3 -I enp3s0 192.168.1.10

Ba wanda ya amsa, lambar ba ta da mai ita. Sai na ƙara ta:

sudo ip addr add 192.168.1.10/24 dev enp3s0

Shi ke nan fa. Layi ɗaya. Na juya na danna laftof ta farko, sai ga shafin jarrabawa ya buɗe. Ta biyu haka, har ta 18. Wallahi ni kaɗai a ɗakin amma sai da na yi kabbara.

Abubuwa biyu ku riƙe a nan. Na ɗaya, kada ku manta da /24 ɗin. In ka bar shi, Linux zai ɗauka /32 kake nufi, wato unguwar da gida ɗaya tak ke cikinta, kwamfutar ba za ta san cewa sauran 'yan 192.168.1 maƙwabtanta ne da za ta mayar wa amsa kai tsaye ba. Na biyu, manhajar da ke ba da tambayoyin dole ta kasance tana sauraro a dukkan adireshin. Ka duba da wannan:

ss -tln

In ka ga 0.0.0.0:80, tana karɓar baƙi ta kowace lamba. In ka ga 192.168.0.10:80, ta wannan lambar kaɗai take ji, sai ka gyara saitin manhajar. In kuma 127.0.0.1:80 ka gani, to da kanta kawai take magana, ba wanda zai same ta daga waje.

Na rufe ɗaki na tafi gida ina jin kaina. Uwar garken na bar ta a kunne.

Washegari yara 30 sun zauna, wasu da iyayensu suka rako su har bakin ƙofa. Saura minti kaɗan a fara aka ɗauke wuta. Laftof suna da batir, ba su ji komai ba, amma uwar garke da swic suka mutu. Aka tayar da janareta, komai ya dawo, na ce to bismillah kowa ya shiga. Layin sababbin laftof suka shiga. Layin tsofaffi, shiru, irin shirun jiya.

Ni kuma kaina ya ɗaure. Na bi kebul ɗaya bayan ɗaya, na kashe swic na kunna, na zargi janareta, na zargi kowa ban da kaina. Ina cikin haka na lura da wata yarinya a layin baya, ta janye hannuwanta daga kan tebur ta ɓoye su cikin hijabi, hawaye na zuba. Na matsa na ce, ƙanwata lafiya? Ta ce, "Yaya wallahi ban taɓa komai ba, sau ɗaya kawai na danna. Don Allah kar a ce Babana ya biya." Ita a tunaninta ita ta lalata kwamfutar. Yarinyar da muka kawo don mu cire mata tsoron na'ura, ga shi sakacina ya ƙara mata wani.

Na ce mata ba laifinki ba ne, nawa ne, duk da a lokacin ban ma san mene ne laifin ba. Na koma gaban uwar garke na rubuta ip -br addr. Adireshi ɗaya ne kawai a jikin katin. Na biyun ya tafi.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Umarnin ip addr add yana gaya wa kwamfutar abin da za ta yi yanzu ne, a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi yake zama. Da zarar ta mutu ta taso, sai ta koma ga abin da ke rubuce a fayil ɗin saiti, ni kuma ban rubuta komai a can ba. Na sake buga layin nan guda, duk suka shiga. Mun fara a makare da kusan minti 20, kuma yarinyar nan ta gama jarrabawarta, har ta dawo zama na gaba. Amma ban manta fuskarta ba, shi ya sa nake wannan shirin.

To yaya ake sa shi ya zauna daram? Ya danganta da abin da kake amfani da shi. A Ubuntu, tun fitowar 17.10, ana amfani da Netplan. Ka shiga /etc/netplan/ za ka ga fayil mai ƙarewa da .yaml. Ka fara kwafe shi ka ajiye a gefe, sannan ka gyara. Nawa ga yadda ya koma:

network:
  version: 2
  ethernets:
    enp3s0:
      dhcp4: false
      addresses:
        - 192.168.0.10/24
        - 192.168.1.10/24
      routes:
        - to: default
          via: 192.168.0.1
      nameservers:
        addresses: [192.168.0.1]

Masu karantawa a shafi ku lura, wannan fayil ɗin yana da tsantseni a kan tazarar farkon layi. Kowane mataki tazara biyu ne, kuma ba a amfani da maɓallin Tab. Wani lokaci in an manna rubutu a soshiyal midiya tazarar tana ɓacewa, don haka ku gyara da hannu. Bayan ka ajiye, kada ka yi gaggawar tabbatarwa. Ka rubuta:

sudo netplan try

Wannan zai ɗora sabon saitin ya jira ka daƙiƙa 120. In ka danna Enter ya zauna, in ba ka danna ba ya koma yadda yake da. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da kake gyara kwamfutar daga nesa ta SSH: in ka yi kuskure ka yanke hanyar da kai kanka ka shigo ta cikinta, bayan minti biyu za ta buɗe maka da kanta. Wanda bai san wannan ba sai ya hau abin hawa ya je inda kwamfutar take.

In kwamfutarka NetworkManager take amfani da shi, kamar Fedora ko yawancin Linux na tebur, sai ka duba sunan haɗin da nmcli connection show, sannan:

sudo nmcli connection modify "sunan haɗin" +ipv4.addresses 192.168.1.10/24

Ku kula da alamar tarawa da ke gaban ipv4. Da ita ƙari kake yi, ba ita kuwa maye gurbi kake yi, tsohon adireshin zai tafi. Sai ka sake tayar da haɗin da nmcli connection up.

Masu Windows ba a bar ku a baya ba. Ka buɗe allon umarni a matsayin mai gida, wato admin, ka rubuta:

netsh interface ipv4 add address "Ethernet" 192.168.1.10 255.255.255.0

Ko ka bi ta saitin IPv4 na katin, ka shiga Advanced ka danna Add. Sai dai a can ba zai bari ka ƙara ba muddin katin yana karɓar adireshi daga rawuta kai tsaye, sai ka fara rubuta masa na farkon da hannu.

In ka ci karo da tsofaffin bayanai za ka ga ana rubuta ifconfig eth0:0 ko eth0:1. Tsohuwar hanya ce ta yin abu ɗaya, ana laƙaba wa adireshi na biyu suna kamar wani kati ne daban. Ba kati ba ne, laƙabi ne kawai. Kuma ga tarko: in ka ƙara adireshi da ip ba tare da laƙabi ba, ifconfig ba zai nuna maka shi ba, sai ka ɗauka bai shiga ba. Ku saba da ip, shi ne na yanzu.

Sai ƙa'idoji uku da na koya da gumi. Ƙofar gari guda ɗaya ake sawa, ko adireshinka goma ne. In ka sa biyu ba tare da ka san abin da kake yi ba, intanet ɗinka zai riƙa zuwa yana ɗaukewa kana zargin kamfanin waya. Lambar da ka rubuta da hannu ta kasance a wajen jerin da rawuta ke rabawa da kanta, in ba haka ba wata rana za ta ba wayar wani lambar uwar garkenka, biyun su yi ta rigima. Na uku, wanda ya fi duka: in ka gama saiti, kashe kwamfutar da hannunka ka kunna, ka ga ko abin ya dawo. Ka ɗauke wa kanka wuta kafin a ɗauke maka. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu bari mu shiga kashi na biyu, wato ƙofofin da babu su a zahiri. Ƙarin adireshi lamba ce ta biyu a kan ƙofa ɗaya. Amma babbar manhaja tana iya ƙirƙirar sabuwar ƙofa sukutum, wadda ba ta da ramin da za ka soka kebul, amma manhajoji suna ganinta kamar kowane kati. Ni ina ce musu ƙofofin manhaja.

Ɗaya daga ciki kowa yana da ita, ko ya sani ko bai sani ba. Ita ce lo, mai lamba 127.0.0.1. Duk abin da ka aika ta nan kanka yake dawowa, ba ya fita ko'ina. Masu koyon gina shafin intanet da ita suke gwaji. Akwai kuma wadda za ka ƙirƙira don atisaye, ba ta haɗe da komai:

sudo ip link add gwaji0 type dummy
sudo ip addr add 10.10.10.1/24 dev gwaji0
sudo ip link set gwaji0 up

Ka yi mata ping ka ga ta amsa, in ka gama ka goge ta da sudo ip link del gwaji0. Duk mai son koyo a nan ya kamata ya fara, domin ko ka yi kuskure ba abin da zai lalace.

Wadda ta fi muhimmanci a wurinmu masu ƙungiyoyi ita ce VLAN. Ku saurara da kyau. Adireshi biyu a kati ɗaya ba tsaro ba ne. Unguwannin nan biyu a waya ɗaya suke, ba katanga a tsakaninsu. Yadda na ƙara wa uwar garke lamba cikin daƙiƙa biyar, haka duk wani yaro mai wayo da ya zo da laftof ɗinsa zai ƙara wa kansa ya shiga ɗaya unguwar. Mu kuwa a kwamfutar ofis muke ajiye sunayen yara, lambobin wayar iyayensu, wani lokaci har da hotunan takardunsu. Amana ce aka ba mu. In kana son raba ɗalibai da ofis da gaske a kan swic ɗaya, VLAN ake yi. Ƙa'idar sunanta 802.1Q, kuma abin da take yi shi ne manna wa kowane ƙunshin saƙo lambar shaida, daga 1 zuwa 4094, swic kuma ba ya barin mai lamba 10 ya ji hirar mai lamba 20. A Linux ga yadda ake buɗe ƙofarta:

sudo ip link add link enp3s0 name enp3s0.20 type vlan id 20

Sai ka ba enp3s0.20 adireshinta kamar kowane kati. Sharaɗin shi ne swic ɗinka ya zama irin wanda ake shiga a saita, ƙaramin nan mai arha da ake sokawa kawai ba ya raba komai. In ba ku da kuɗinsa, ku raba da kebul da swic daban, ko ku cire kwamfutar ofis daga layin ɗalibai gaba ɗaya. Mu ma haka muka fara yi.

Akwai kuma gada, wato swic na cikin kwamfuta. In ka taɓa ɗora Docker ka ga wata ƙofa docker0 mai lamba 172.17.0.1, ko ka ɗora kwamfutocin cikin kwamfuta ka ga virbr0 mai 192.168.122.1, to gadoji ne, su ke haɗa na ciki da na waje. Abin lura kawai, in makarantarku ko ofishinku su ma suna amfani da layin 172.17, kwamfutarka za ta riƙa tura saƙonsu cikin gadar maimakon waje, sai ka canza wa Docker layi.

Ta ƙarshe ita ce wadda kusan kowannenku ya taɓa amfani da ita. Ku tuna Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, har zuwa Janairun 2022. Matasa da yawa a lokacin suka fara jin kalmar VPN. Ka danna maɓalli, ɗan makulli ya fito a saman waya, shafi ya buɗe. Me ya faru a ciki? Manhajar ta ƙirƙiri ƙofar manhaja ne, galibi sunanta tun0, ko wg0 in WireGuard ce, wadda ta shiga cikin zuciyar Linux a fitowar 5.6 a shekarar 2020. Ta ba ƙofar adireshi, sannan ta canza taswirar hanya ta ce duk saƙo ya bi ta nan. Abin da ya shiga sai a naɗe shi a kulle, a fitar da shi ta ƙofar gaske zuwa wata uwar garke a wata ƙasa, can a kwance shi a aika inda za shi. A kwamfuta kana iya ganin wannan da idonka: rubuta ip -br addr da ip route kafin ka kunna, ka sake rubutawa bayan ka kunna, ka kwatanta.

In ka gane haka, abu biyu za su fito maka fili. Na farko, abin da ka ɓoye wa kamfanin layinka ka miƙa shi ne ga mai VPN ɗin. Shi yanzu yake ganin inda kake zuwa. In kyauta ya ba ka, ka tambayi kanka da me yake biyan kuɗin na'urorinsa. Na biyu, ƙofar manhaja a bayan ta gaske take hawa. A Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, na ga masu ba 'yan uwanmu shawara su sa VPN. Ina za ta bi? An toshe shafi daban, an kashe layin gaba ɗaya daban. Mai fafutuka da bai san wannan bambancin ba zai ba mutane shawarar da ba ta da amfani a ranar da suka fi buƙata.

Wani ya taɓa tambayata, tunda ana ƙara adireshi haka da sauƙi, me zai hana in ba kaina na intanet, kowa a duniya ya same ni? Amsa ita ce, lambobin da muke wasa da su a gida keɓaɓɓu ne. Tun 1994 aka ware jeri uku don amfanin cikin gida: duk mai farawa da 10, daga 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Waɗannan ba sa yawo a intanet, kowa na iya amfani da su a gidansa. Na waje kuwa rabawa ake yi. IPv4 gaba ɗaya lambobinsa kusan biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbun duniya ya raba na ƙarshe a Fabrairun 2011. A nahiyarmu AFRINIC ce ke rabawa, mai hedikwata a Morishus, ta ba kamfanoni, su kuma su ba ka. In ka rubuta wa katinka lambar da ba a ba ka ba, kwamfutarka za ta karɓa, amma ba wanda zai kawo maka saƙo, kamar ka rubuta adireshin Legas a ƙofar gidanka na Gusau ne. A IPv6 kuwa, kati ɗaya da adireshi da yawa shi ne al'ada. Wannan mai farawa da fe80 da kuke gani kullum na hirar cikin layi ne, ku bar shi, ba cuta ba ce.

Kafin in rufe, jan kunne ɗaya. Duk abin da na koyar yau a kan kayanka za ka yi, ko inda aka ba ka izini. Kada ka je kafe ko ɗakin kwamfutar makaranta ka ce za ka gwada shiga unguwar da ba taka ba. Ko lamba ka ɗauka bisa kuskure ta yi karo da ta rawuta, ka tsayar wa kowa aiki. Kuma duk abin da ka saita a ƙungiya, rubuta shi a littafi: wace na'ura, wace lamba, kalmar sirri tana hannun wa, a ba mutum biyu amintattu. Duk wahalar da na sha ta samo asali ne daga saitin da ke cikin kan mutum ɗaya, shi kuma ya yi tafiya. Yanzu a bangon cibiyarmu akwai takarda da lambobin kowace na'ura, kuma ɗalibai uku, biyu mata, sun iya dawo da uwar garken ko ba na nan.

Aikin gida na wannan makon: mai Linux ya ƙirƙiri gwaji0, ya ba ta adireshi biyu, ya yi wa kowanne ping, ya kashe kwamfutar ya kunna ya ga me ya rage. Mai Windows ya rubuta ipconfig /all ya ƙirga ƙofofin da ya gani, ya ware na gaske da na manhaja. Ku rubuto mana abin da kuka samu, da inda kuka maƙale, zan ɗauki wasu tambayoyin a farkon shiri na gaba in sha Allahu.

Allah ya ba yaranmu masu shirin jarrabawa sa'a, ya sa albarka a abin da muka koya.